Ya dawo daga Abijan da bindigar iska, yana son ya koya wa ɗan shekara 6 halbi

Assalamu alaikum Baba. Ni uwar yara uku ce a nan Tawa. Maigidana ɗan ci-rani ne, Abijan yake zuwa, sai damina ta kama yake dawowa. Bana cikin tsarabarsa har da bindigar iska, irin wadda ake karyawa a tsaka a saka ƙwayar dalma. Ya ce don ɓeraye da tsuntsayen da ke ɓarnar hatsi ya sayo ta, amma tun da ya sauka ba shi da zance sai na koya wa yaronmu halbi, yaron da shekararsa 6. Yayarsa tana da 12, sai auta mai shekara 2. Gidanmu gidan yawa ne, ga ɗiyan wansa, ga na maƙwabta, ba a rasa yara goma a tsakar gida. Na ce masa yaro ya yi ƙanƙanta, ya ce ai ba bindigar gaske ba ce, kuma koya wa yara halbi sunna ne. Uwar mijina ta ce so nake in mai da yaro rago. Bindigar tana jingine bayan ƙofar ɗakinsa, gwangwanin ƙwayoyin yana bisa talabijin. Shekaranjiya na iske yaron ya jawo ta yana auna ƙanwarsa, yana cewa "tau! tau!" Babu komai cikinta, amma har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Na yi tunanin in jefa ta rijiya in ce ɓarawo ya ɗauka. Baba, mi zan yi?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗiyata.

Ki bar maganar rijiya. In kika jefa ta kika ce ɓarawo ne, zargi zai faɗa kan wani, kuma a gidan yawa kin san kan wa yake faɗawa: ko almajirin da ke yi muku aike, ko ɗan wan mijinki da dama ake yi wa kallon mai ɗan hali. Ki ɗauki alhakin yaro a banza. Baɗi kuma mijinki ya sayo wata, wannan karon ya ɓoye miki inda ya ajiye ta. Ke ba ki san inda take ba, yara kuwa sun sani, don babu lungun da yaro bai sani ba a gidan ubansa.

Sau biyu na karanta takardarki. Ke shekarun yaron ne suka tsaya miki a rai. Ni kuwa inda na dakata shi ne bayan ƙofa da bisa talabijin, sai kuma abin da kika faɗa a wucewa, cewa mutumin nan ɗan ci-rani ne. Da an kai hatsi rumbu zai kama hanya kamar sauran Adarawa, ya bar ki wata bakwai ko takwas da bindiga da yara goma, cikinsu har da wanda aka ɗanɗana wa daɗin jan kunama. Rabin awar da uba zai tsaya bayan ɗansa, hannunsa bisa bindigar, mai sauƙi ce. Ina ji miki sauran awoyin, lokacin da kike madafa, ko kin tafi suna, ko barcin rana ya ɗauke ki.

Cewar da ya yi ba bindigar gaske ba ce, nan sakacin ya samo tushe. Gaskiya ne babu albarushi cikinta. In an karya ta, wani murɗaɗɗen ƙarfe ake matsewa a ciki, ɗan'uwan wanda kike gani a ƙafar moto ta baya. In aka ja kunama sai ya saki, ya tunkuɗa iska, iskar ta yi waje da ƙwayar. Ƙwayar bindiga mai baki milimita 4.5 nauyinta kamar rabin giram ne, a girma ba ta fi ƙwayar dawa da yawa ba, kuma ƙanƙantar nan ce ke yaudarar mutane. Ana auna ƙarfin waɗannan bindigogi da wani ma'auni da ake kira jul, yawanci yana rubuce a kwali ko a takardar da ta zo tare da ita. Mai jul 7.5, wadda ake sakawa cikin masu sauƙi, tana fitar da ƙwayar da gudun mita 170 a daƙiƙa guda. Mai jul 20 tana kai wa mita 280. Kafin ki ce "kai!" ta ƙetare tsakar gidanku. Tana huda fata, tana fasa ido, kuma idon da ta fasa da wuya ya sake gani. A jikin ƙaramin yaro ƙashin gefen kai, tsakanin ido da kunne, siriri ne, ga wuya, ga tsakanin haƙarƙari. A 2005, a birnin Gilasgo na Sikotilan, wani mutum ya halba irin wannan bindiga daga tagar ɗakinsa, ƙwayar ta sami yaro ɗan shekara 2 a ka, ya rasu. Sa'an autarki ke nan. Iyayensa suka yi ta fafutika har aka yi doka a 2015, kuma tun ƙarshen 2016 ba mai riƙe bindigar iska a can sai da lasisi. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu magana, shi ke tsone maka ido. A nan karin maganar ba ya buƙatar fassara.

Sai dai kada ki tare shi da lambobin nan kamar malamin makaranta a gaban allo. Namijin da ya sayo abu da guminsa ba ya son a nuna masa bai san abin da ya sayo ba. Gani ya kori ji. Ki samo albasa babba mai tauri, irin ta Galmi, da sandar sabulun wanki. Ranar da gida ya yi shiru ki ce masa, "Malam, ni ma nuna mini ƙarfin abin nan in gani." Ya ɗora su bisa buhun rairayi, ya ja baya taki goma, ya halba. Ki ɗauko albasar ki ba shi ya leƙa ramin. Ki sa wuƙa ki tsaga sabulun, ku bi hanyar da ƙwayar ta haƙa, ku ga inda ta tsaya ta lotse. Ba sai kin ƙara komai ba. Shi ma ya san ido bai kai albasa tauri ba. Daga baya shi da kansa ya maimaita wa yaran gidan, kowa ya sa yatsa ya taɓa ramin.

Kan shekaru, ina tare da ke, kuma ba don tsoro kawai ba. Ki tsayar da bindigar kusa da yaron ki gani. Irin ta manya tsawonta ya haura mita guda, nauyinta kilo 3 zuwa 4. Ɗan shekara 6 tsayinsa kaɗan ya ɗara mita, nauyinsa kamar kilo 20. Ba zai iya riƙe ta daram ba, bakinta zai yi ta yawo. Karya ta kuma aikin ƙarfi ne, kamar ɗaga kilo 10 zuwa 15 da hannu guda, kuma in yatsa ya taɓa kunama tana a karye, wasu bindigogin, musamman masu araha, sai bututun ya zabura ya rufe da ƙarfin da ke murƙushe yatsu ko ya daki fuska. Wannan na jiki ne. Na hankali ya fi shi. Ki gwada yau: yana riƙe da tsintsiya ko ludayi, ki kira sunansa ta baya. Da jikinsa duka zai waiwayo, har da abin da ke hannunsa. Ba rashin ji ba ne, haka ɗan shekara 6 yake. Kuma mutuwar da ya sani ta talabijin ce, inda wanda aka halbe jiya yake fitowa yau cikin wani fim.

Ƙasashen da suka mai da halbin bindigar iska wasan gasa, har ya shiga Olamfik tun 1984, su ma ba su sake ba, duk da son da suke yi su sami gwanaye tun suna ƙanana. A Jamus ƙa'idar filin koyon halbi ita ce shekara 12, da yardar iyaye, da mai kula a tsaye. A Faransa yaro ba ya riƙe ta sai ya wuce 9, da takardar iyaye da katin ƙungiyar halbi. Sayarwa kuwa sai ga mai 18, in kuma ta haura jul 20 sai an sanar da hukuma. A Ingila wanda bai kai 14 ba dole babba mai 21 ko fiye ya kasance a kansa. Sun saɓa a lamba, amma babu wadda ta yarda ɗan shekara 6 ya kaɗaita da bindiga ko na minti guda, kuma shekaranjiya abin da ya faru a ɗakin mijinki ke nan.

To, sunna. Nan kada ki ja da shi, don ya yi gaskiya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wasu mutane suna gasar halbin kibiya, ya ƙarfafa su, ya ce su yi halbi, ubansu Isma'ila mahalbi ne. Amma halbin bai zo tsirara ba, da ladubbansa ya zo. Ya umurci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu da hannunsa kada ya ji wa wani. Ya ce wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe mala'iku suna la'antarsa har sai ya sauke, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Abdullahi ɗan Umar ya iske samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada halbi a kansa, da suka hango shi suka watse, ya ce Annabi ya la'anci mai mai da abu mai rai abin gwajin halbi. Wanda ya fi kama da zancenmu kuwa shi ne na Abdullahi ɗan Mugaffal: an hana wasan jifa da ƴan tsakuwa, dalilin da aka bayar shi ne ba ya kashe abin farauta, ba ya karya abokin gaba, sai dai ya fasa ido ya karya haƙori. Ki faɗa mini in ba siffar ƙwayar dalma a hannun yaro ba ce wannan. Tun da da addini ya kafa hujja, ki karɓi hujjar da hannu biyu, ki roƙe shi ya ɗauke ta da kayanta duka.

A ƙauyenmu akwai wani tsohon mahalbi maƙwabcin kakana. Ɗansa sa'ana ne, mun yi ta jin haushinsa don yana bin ubansa dawa. Sai da muka girma ya faɗa mini shekarunsa na farko gora kawai yake ɗauka. Ya koyi tafiya ba tare da taka busasshen kara ba, ya koyi sawu, ya koyi tsayawa bayan ubansa ta hagu. Kwarin kuwa, in an dawo gida, can ƙololuwar ɗaki ake rataye shi, kuma ko uwargidan ba ta taɓa shi. Ba wanda ya taɓa kiran yaron nan rago.

Irin wannan matsayi nake so a ba yaronki. Kada a kore shi daga wajen, don abin da aka hana yaro gani shi yake nema a ɓoye, kuma ke ma ina so ki sauka daga tunanin cewa in bai san komai game da bindiga ba ya tsira. Zai gamu da ita gidan wani, zai iya tsintar harsashi a bola ko a gona. Darasinsa na bana guda ne: in ya ga bindiga ko harsashi ko wani ƙarfen da bai sani ba, kada ya taɓa, ya bar wurin, ya je ya faɗa wa babba. Ku yi ta maimaita shi kamar wasa, da shi da sauran yaran gidan, ana ajiye kara a ce bindiga ce, a ga wa zai fara gudu ya kai labari. Sannan ubansa ya yanko masa karan dawa daidai tsawonsa ya zama bindigarsa, da sharaɗin bakinta ƙasa yake kallo kullum, ba a auna mutum da ita, ba a auna akuya. Ya auna wani, a karɓe kwana biyu. In ana halbi a naɗa shi dogarin fili. Shi ke duba ko kowa yana bayan layin da aka ja a ƙasa, shi ke tambaya da ƙarfi, "A karye take?" kuma ba mai zuwa duba takardar da aka halba sai an karya bindigar an shimfiɗe ta bisa tabarma ya gani da idonsa. Shi ke ƙirga ramuka. Yaro yana son sarauta fiye da yadda yake son halbi, za ki gani.

Abin da ya yi wa ƙanwarsa, kada a doke shi a kai. Ya ga ubansa yana aunawa, ya auna. In aka doke shi abin da zai koya shi ne ya bari sai ba kowa. Ubansa ya zaunar da shi, da albasar nan a hannu, ya faɗa masa.

Yaushe zai ja kunama? Ni a ganina kada a fara zancen kafin 9 ko 10, kuma ko a lokacin hali za a duba. Yaron da in an ce "tsaya" yake tsayawa tun a kira na farko, wanda in ya yi fushi ba ya jifa da abin da ke hannunsa, wanda ya shekara da karansa bai auna kowa ba, shi ne ya isa. Ranar farko bindigar tana kwance bisa buhun rairayi, uban ne ke karyawa, shi ke sakawa, ƙwaya ɗaya ɗaya daga aljihunsa, hannunsa kuma bai bar jikin bindigar ba. Yatsan yaro yana miƙe a gefe, ba ya shiga wajen kunama sai ya gama saiti.

Ga wata da ba wanda ya tuna da ita a gidanku: yayarsa. In akwai wanda shekarunsa suka kai, ita ce. A gasar duniya ta mita 10, inda tsakiyar abin da ake auna ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, mata suna kawo maki kafaɗa da kafaɗa da maza, kuma tun 2018 yawan halbinsu ɗaya, 60 kowa. Aikin natsuwa ne da riƙe numfashi, ƙarfin damtse ba ya ciki. In tana so, ubanta ya fara da ita, ƙanen yana kallo yana ganin yadda har yaya ba ta tsallake layi. Na san abin da Inna, uwar mijinki, za ta ce, ina jin muryarta daga nan. In an ƙi, ba abin tada jijiyar wuya ba ne. Abin da ban yarda ba shi ne a damƙa wa yarinyar makulli a ce ita ce mai tsaro. Wannan kaya ya fi ƙarfin kanta.

Wurin halbi yana da nasa zancen, kuma nan ina da tabo, ko in ce ƙanena ke da shi. Ina ɗan shekara 9 na auna kurciya da danƙo bisa katangar dutse, irin tamu ta Adar. Na kuskure kurciyar, tsakuwar ta daki dutse ta dawo ta tsaga girar ƙanena da ke tsaye gefena. Na tuna yadda jini ya rufe masa ido, da yadda mahaifiyarmu ta kasa kuka sai da aka wanke aka ga idon yana nan. Faɗin yatsa guda ya raba shi da makanta. Yau yana da jikoki, gashi bai sake fitowa a wurin ba. Ban aune shi ba, ko kusa. Haka ƙwayar dalma take yi in ta sami siminti, ko dutse, ko ƙofar ƙarfe, ko gindin tukunya, ko kwalba, har da fuskar ruwa. Don haka abin da za a auna ya zama takarda ko kwali, bayansa buhunan rairayi, bayansu katangar ƙasa. A rufe ƙofar da wani zai iya ɓullowa ta cikinta, a ɗaure awaki. Gona ta fi tsakar gida, in dai an san abin da ke bayan wurin. Duk wanda ke tsaye, mai halbi da mai kallo, ya sa farin tabarau mai kauri irin na masu gurza ƙarfe a wajen walda; baƙin gilashin kasuwa fashewa yake yi ya ƙara ɓarna. Halbin tsuntsu a kan itace cikin gari kuwa a bar shi sam, don ƙwayar da aka kuskure sama tana tafiyar ɗaruruwan mita, kuma gidan wani za ta sauka. Bindigogin roban nan da ake saya wa yara da Salla, masu ƴan ƙwayoyi masu launi, su ma suna ɓata ido, ki sa su cikin lissafi.

Ita kanta dalmar guba ce ko ba a halba ta ba. Ba mu manta da Zamfara ba a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jinin yaro da za a kira marar illa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya gyaruwa. Autarki tana shekarun da duk abin da ta tsinta baki take kai shi. Masu halbi da yawa suna da ɗabi'ar ƙunsa ƙwayoyi a baki don saurin sakawa. In mijinki yana yi ya bari, don yaro zai kwaikwaya. A ƙirga ƙwayoyin da aka fito da su, a tsince waɗanda suka zuba, a wanke hannu da sabulu kafin a sa shi cikin tuwo, kada kuma a yi halbi kusa da shanyar hatsi ko randa. Tsuntsun da aka halba a cire masa ƙwayar kafin ya shiga tukunya.

Bayan ƙofar gida kuma wani hatsarin ne daban. Daga nesa, ko da magariba, ba mai bambance bindigar iska da ta yaƙi. Kin san halin da jiharmu take ciki. A 2017 an sa dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara, kuma sojan da ke tsaye a shinge ba shi da lokacin tambaya ko iska ce a ciki. A 2014, a birnin Kilibilan na Amurka, ɗan sanda ya halbe yaro ɗan shekara 12 da ke wasa da bindigar roba a filin shaƙatawa, daƙiƙu kaɗan da isowarsa wurin. Kafin mijinki ya fita da ita ko zuwa gona, ya ɗauki takardar sayenta ya je kwamisariya ko wajen jandarma ya nuna, ya ji abin da ake buƙata. In farauta yake nufi, akwai dokar 1998 da ta tsara lasisi da lokacin farauta da namun da aka hana taɓawa, ma'aikatan gandun daji ke riƙe da ita. In zai ɗauke ta, a karye, cikin buhu. Kada kuma a ɗauki hoton yaro riƙe da ita a sa a WhatsApp ko Facebook. Hoto ba ya bayanin kansa.

In tsautsayi ya gitta, Allah Ya kiyaye, kada ƙanƙantar ramin ta ruɗe ku. Ƙwayar tana shiga ta ɗan ƙaramin wuri ta yi nisa, yaro yana wasa kamar ba komai. In a ka ne, ko wuya, ko ƙirji, ko ciki, a tafi likita nan take a ɗauki hoto. In ido ne, ba a murzawa, ba a ɗiga komai, ba a neman cirewa. A kifa gindin ƙaramin kofi a kai yadda ba zai danna idon ba, a ɗaure, a nufi babban asibitin jiha. In aka ce sai Yamai, tafiya ce ta sama da kilomita 500, kada a ɓata awoyi ana jiƙe-jiƙe a gida.

Saura yadda za ki faɗa masa. Ba gaban Inna ba, ba gaban yara ba, ba kuma lokacin da bindigar ke hannunsa ba. Da dare, ya ci ya ƙoshi. Ki fara da inda kuka haɗu: "Malam, na yi tunani, ina son yaron nan ya iya halbi a hannunka, ya iya shi da kyau." Sannan ki ba shi labarin shekaranjiya dalla-dalla, inda yaron ya tsaya, inda auta take zaune, inda bakin bindigar yake kallo. Daga takardarki ban ga alamar kin faɗa masa ba, ina jin tsoron kada ya doki yaron ne ya hana ki. Ki faɗa masa. Daga nan ki yi masa tambayar da nake so ya kwana da ita: in ka koma Abijan, wa ka bar wa ita? Inna kuwa kada ki yi musu da ita kan ragwanci. Ki same ta ita kaɗai ki ce, "Inna, maigidan nan naki fa ya kusa raba kishiyarki da ido." Za ta yi dariya, sannan ta yi shiru. In duk wannan bai ci ba, wansa yana da ɗiya a tsakar gidan nan, maganar ta shafe shi, kuma abin da ƙane ya ƙi ji daga mata yakan ji shi daga wa.

Abin da za ki tsaya a kai, ko da an ƙi miki sauran, shi ne ajiya. Bayan ƙofa ba ajiya ba ce, haka bisa sif, haka ƙarƙashin katifa. Akwatin ƙarfe da kwaɗo, bindigar a ciki babu komai a bakinta, ƙwayoyin a wani wuri daban da nasu makullin. In kaka ta yi, ko ya kai ta wajen wani dattijo da ba ƙananan yara a gidansa, ko makullin akwatin ya bi shi Abijan cikin aljihu. Ɓerayen rani tarko ya ishe su.

Yau da dare kuwa ba sai kin jira izinin kowa ba ki sauke gwangwanin nan daga bisa talabijin ki kulle shi cikin akwatinki. In ya tambaya ki ce yana wurinki, ki faɗi dalili. Kin ce babu komai cikin bindigar, ban san wa ya duba ba, don haka ki sa shi ya karya ta a gabanki, ya ɗaga bututun wajen fitila, ku ga haske ya ratsa. Ki share bayan talabijin da ƙarƙashin tabarma. Kuma kafin ki jiƙa wankin gobe, ki zazzage aljihun wandon yaron.